Rahoton Ayyukan Shekara: Batun Riƙe Ma'aikata

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa mambobin wannan ƙungiya tamu ta masu ƙananan kamfanoni da shaguna a Zariya. Shugaba ya ce in rubuto ayyukan bana saboda waɗanda ba su samu zuwa mitin ba, lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai kawo nasa daban.

Kun san tun farkon shekara kukan da ya fi yawa shi ne yara ba sa zama. Mai gidan burodi ya koya wa yaro kwaɓi da gashi, da hannunsa ya faɗa sai ya tattara ya koma jan keke napep, masu buga takardu a Samaru haka, masu ruwan leda haka, kowa na cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Sai kwamiti ya ce bari mu zaga mu ji daga bakin yaran da kansu, ba a gaban oga ba. Mun zaga Sabon Gari, Tudun Wada, PZ, Kwangila har cikin birni.

Kusan duk ofishin da muka shiga akwai allo a bango an rubuta Gaskiya, Amana, Mutunta Juna, wani har da gilashi. A wani wuri da ba zan kama suna ba, a ƙarƙashin allon nan wata yarinya mai kula da kantar ciniki ta ce mana albashin watan jiya sai da wata ya kusa raba tsakiya ya shigo, amma in ta makara da safe a ranar ake yanke mata, ɗan ƙanin oga kuwa sai rana ta take yake zuwa ba mai ce masa uffan. Ba ta ma yi maganar ƙarin kuɗi ba wallahi. Daga nan muka tsayar cewa duk kalmar da mamba ya rataya a bango ya rubuta abin da ta ɗora masa shi mai gida tukuna. In ka ce amana, faɗi ranar biyan albashi ka tsaya a kai, in kasuwa ta ƙi ka tara su ka gaya musu da bakinka kafin ranar. In ka ce mutunci, to a daina yi wa magidanci tsawa gaban kwastoma.

Mun kuma yi bita kan doka, wani lauya mambanmu ya yi mana kyauta, Allah ya saka masa. Ya tuna mana mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, duk da cewa dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaro ya san farashin mudun masara da kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, shi ba ruwansa da 25. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku, hutun shekara aƙalla kwana 6 na aiki, mai haihuwa mako 12. Fansho kuma a dokar 2014 mai kamfani na zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. An ɗan yi gunaguni a nan, amma dai an fitar da samfurin takardar ɗaukar aiki da Hausa da Turanci, tana wajena ga mai so.

Akwatin shawara da muka ce a ajiye bai yi aiki ba, yara na tsoron a gane rubutunsu. Abin da ya fi kamawa shi ne tsayuwar safiyar Litinin, oga ya yi shiru su yi magana. Wani malami daga Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya, ya ba mu misalin Toyota a Japan, inda ƙaramin ma'aikaci ke da ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga aibi. Ɗaya daga masu gidan burodinmu ya gwada, ya ce wa yaransa duk wanda ya ga fulawa ta lalace ya tsayar da kwaɓi ba sai an jira shi ba, kuma ya ce dawo da burodi ya ragu masa. Wasu sun fara ba da abincin rana, wasu sun tsara canjin aiki yadda mai zuwa Juma'a da mai zuwa coci ranar Lahadi kowa zai samu.

Maganar ITF, wato hukumar gwamnati mai kula da horar da ma'aikata, da horar da yaran mun ɗage zuwa baɗi, don ba mu gama tattara sunaye ba. Waɗanda ake bin su kuɗin wata don Allah a ga ma'aji kafin mitin na gaba, kuma kowane mamba ya taho da ma'aikacinsa ɗaya, shugaba ya ce wannan karon su za su fara magana.

Sakatare