Wasiƙa daga Liverpool bayan rasuwar Diogo Jota

Liverpool, 20 ga Agusta, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe mini da Inna, a ce mata ina nan ƙalau, aiki kuma sai godiya. Na san kana ta jiran amsar tambayoyin da ka yi ta jefo mini tun watan jiya kan maganar Jota. Saƙon murya ba zai ɗauki zancen ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara warware maka abin da ya faru, don na lura labarin ya iso muku a cakuɗe. Da tsakar daren wayewar Alhamis 3 ga Yuli, Diogo Jota, ɗan ƙwallon Liverpool ɗan ƙasar Fotugal, da ƙaninsa André Silva suna tafe a mota ƙirar Lamborghini a babbar hanyar A-52 da ke lardin Zamora a Sifaniya. 'Yan sandan ƙasar sun ce taya ce ta fashe lokacin da suke ƙoƙarin wuce wata mota, motar ta kauce daga titi ta kama da wuta. Babu wanda ya fita. Jota yana da shekara 28, André 25. Ka tambaya me ya hana mai kuɗi irinsa shiga jirgin sama. An yi masa aiki ne a huhu, likitoci suka ba shi shawarar kada ya hau jirgin sama tukuna, sai ya nufi Santander da mota don ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya riski fara atisaye. Wato bin maganar likita ne ya ɗora shi a kan wannan hanya. Ajali ke nan.

Abin da ya ƙara wa mutane ciwo shi ne lokacin da abin ya zo. A ƙarshen Afrilu Liverpool ta ci gasar Firimiya, kofin lig na 20 a tarihinta, shi kuma lamba 20 yake sawa. Ranar 8 ga Yuni ya ɗaga kofin Nations League tare da Fotugal. Ranar 22 ga Yuni aka ɗaura aurensa a Porto da uwar 'ya'yansa uku, wadda suke tare tun suna makaranta. Kwana 11 bayan bikin aka kira ta a gaya mata mijinta da ƙaninsa sun tafi.

Garin nan kuwa dama bai gama farfaɗowa ba. Ka tuna ranar 26 ga Mayu da aka zaga gari da kofi, wani ya kutsa da mota cikin jama'a a titin Water Street, sama da mutum 100 suka ji rauni. Ana cikin wannan sai ga labarin Jota da safiyar Alhamis. A wurin aikinmu akwai wani dattijo Bature da ban taɓa jin ya yi magana mai taushi ba, kullum cikin tsokana da ashar yake. Ranar waya ce a hannunsa, ya kasa ɗaga kai. Kafin azahar mutane sun fara kai furanni Anfield, filin wasan Liverpool, ba tare da wani ya kira su ba. Da na je bayan an tashi aiki, ciyawar da ke gaban filin ta fara ɓacewa, kafin mako ya zagayo kuma sai ka yi tafiya mai tsawo kana bin gefen furanni da riguna da gyalen wuya na kulob. Na ga takardun da yara suka rubuta da fensir mai launi. Na ga abin riƙe wasan PlayStation an ajiye a tsakiyar furanni, saboda kowa ya san Jota gwanin wasan ƙwallo na kwamfuta ne, har yakan zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa kamar yana bugawa idan ya ci ƙwallo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shuɗayen rigunan Everton. Kai da kake goyon bayan Manchester United ka san gaba, amma ta Liverpool da Everton ta cikin gida ce: filin Anfield da Goodison Park, tsohon filin Everton, lambun Stanley Park kaɗai ya raba su, kuma a gida ɗaya za ka samu uba ja, ɗa shuɗi. Ƙwallon ƙarshe da Jota ya ci wa Liverpool a ragar Everton ya zura ta, ranar 2 ga Afrilu, aka tashi 1-0. Duk da haka 'yan Everton suka zo da rigunansu suka shimfiɗa, kocinsu David Moyes ma ya zo da furanni. Har rigunanku na gani a wurin, Yaya, ba ɗaya ba ba biyu ba. Jordan Henderson, tsohon kyaftin, ya zo yana share hawaye. Wurin cike da mutane amma shiru, sai in wani ya ɗauko waƙar da suke yi wa Jota a hankali, 'yan kaɗan su amsa, a sake yin tsit.

Ka ce kai abin da ya ɗaure maka kai shi ne ƙato da gemunsa yana kuka saboda wanda bai ma san da zamansa a duniya ba. Ni ma na juya wannan tambaya. Jota ba shi ne tauraron ƙungiyar ba. Tun da aka sayo shi daga Wolves a 2020 ya ci ƙwallo 65 a wasa 182, rauni ya sha kwantar da shi, sau da yawa daga benci yake tasowa. Amma mutanen nan shekara biyar suna ganinsa kusan kowane mako, suna zaune kusa da uba ko ɗa ko aboki. Wanda ya tuna ƙwallon da Jota ya ci Tottenham a mintin ƙarshe a 2023, aka tashi 4-3, yana tuna wanda ya rungume a lokacin, wataƙila kuma wannan mutumin ba ya raye yanzu. A ganina rabin kukan na Jota ne, rabin na kansu ne. Sannan mutum ne da ba a san shi da rigima ko fankama ba, matarsa ɗaya tun ƙuruciya, daga fili sai gida. Irin wannan ko ba ka san shi ba za ka ji mutuwarsa.

Sai 'yan jarida. A ranar farko, gaskiya sun yi abin kirki. Gidajen rediyo na garin nan sun ajiye shirye-shiryensu suka buɗe layi, mutane suna kira suna faɗin abin da ke ransu, wasu su kasa ƙarasa magana. An nuna Rúben Neves da João Cancelo na Al Hilal, abokan wasansa a tawagar Fotugal, suna kuka a Amurka lokacin shiru na minti ɗaya kafin wasansu da Fluminense. Har gasar tanis ta Wimbledon, da ba ta yarda a sa komai sai fari, ta bar 'yan Fotugal suka ɗaura baƙin ƙyalle. Amma jarida ba ta iya zaman makoki na kwana uku. Dole gobe a samu sabon abu, in babu kuma a tono.

Hoton bidiyon motar tana ci da wuta shi ya fara yawo, wasu shafuka suna sawa suna maimaitawa, alhali akwai uwa da uba da suka rasa 'ya'ya maza biyu a cikin wannan wutar. Daga nan sai na bogi suka biyo baya. Wanda ka turo mini, mai nuna wai daƙiƙun ƙarshe kafin hatsarin, ba na gaskiya ba ne. Irinsu da yawa an haɗa su ne da ƙirƙirarriyar basira, ko a ɗauko tsohon hatsarin wani wuri a liƙa masa sunan Jota, don a tara masu kallo a samu kuɗin talla. Don Allah ka goge, ka kuma hana yara turawa. Bayan 'yan kwanaki 'yan sandan Sifaniya suka fitar da bayanin farko cewa alamu sun nuna Jota ne ke tuƙi kuma da yiwuwar gudun ya wuce ƙa'ida. Nan take wasu kanun labarai suka jefar da "alamu" da "yiwuwa" suka yanke hukunci. Sai ga direbobin manyan motoci biyu 'yan Fotugal da suka bi hanyar a daren suna cewa su ba su ga gudun wuce kima ba. Aka koma ana ta gardama a intanet tsakanin mutanen da ko taswirar Zamora ba su taɓa gani ba.

Jana'izar ma ba ta tsira ba. An yi ta ranar Asabar 5 ga Yuli a Gondomar, kusa da Porto, inda suka taso. Virgil van Dijk ya riƙo furanni da aka tsara kamar riga mai lamba 20, Andy Robertson ya riƙo mai lamba 30, lambar André. Neves, da ya buga wasa a Amurka jiya-jiyan nan, ya hau jirgi ya zo ya kama akwatin gawar abokinsa. Wannan ai ya isa labari. Amma abin da aka kwana biyu ana yi shi ne lissafin wanda bai zo ba. Cristiano Ronaldo ya sha zagi kamar shi ya kashe su, har 'yar uwarsa ta fito tana kare shi. Kai ka san ni ba mutumin Ronaldo ba ne, amma a nan ina bayansa. Da ya je, da kyamarori sun bar gawa da iyaye sun koma kansa, kuma masu zaginsa yau su ne za su ce ya je neman suna. Luis Díaz, wanda suka yi wasa tare da Jota a Liverpool, shi ma bai je ba, an yi masa irin wannan. Mutanen da ba su taɓa gaisawa da mamacin ba suka zama masu rabon wa ya fi wa jin zafi.

Shi kuwa André, a yawancin kanun labarai "da ƙaninsa" kawai yake. Ɗan ƙwallo ne shi ma, yana buga wa Penafiel a rukuni na biyu na Fotugal. Na yaba wa magoya bayan nan a kan wannan: a kyallaye da zanen bango da suka yi a unguwar Anfield ba su bar sunansa ba. Ni da nake ƙani, abin ya taɓa ni.

In ka ga mutanen Liverpool suna saurin tsuke fuska da jarida, akwai dalili. Ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi turmutsitsi a filin Hillsborough da ke Sheffield, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayansu 97. Kwana huɗu bayan haka jaridar The Sun ta buga a shafin farko cewa magoya bayan sun yi wa gawarwaki sata sun kuma far wa 'yan sanda. Ƙarya ce. Iyalai suka yi ta fafutuka har 2016 kafin wani zaman bincike ya tabbatar da cewa magoya baya ba su da laifi. Har yau shaguna da yawa a garin nan ba sa sayar da jaridar, kulob ɗin ma ya hana wakilanta shiga Anfield. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka fara kaɗa gangar gudun mota, 'yan garin suka ƙi rawa. Wani abokin aikina da na tambaya cewa ya yi shi bai karanta ba, ba kuma zai karanta ba, ko da me aka gano yaran nan uku ba su da uba.

Wani abu kuma da na san ya kai gare ku kafin ni: a wannan rana ta 3 ga Yuli Peter Rufai ya rasu a Legas yana da shekara 61. Golan Najeriya da ya ci kofin Afirka a 1994, ya tsare raga a gasar duniya biyu, kuma a Fotugal da Sifaniya ya yi wani ɓangare na wasansa. A nan ban ji an ambace shi a rediyo ko talabijin ba. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa nasa yake wa kuka. Abin da ya ba ni haushi shi ne shafukan namu da na leƙa, hoton Jota goma, na Rufai ɗaya.

Kada ka ɗauka ina cewa 'yan kallo waliyyai ne. Ranar 10 ga Agusta a Wembley, kafin wasan Community Shield, wasu tsiraru daga ɓangaren Crystal Palace suka yi ta ihu lokacin shiru, har alƙalin wasa ya katse kafin minti ya cika. Ranar Juma'ar da ta wuce kuma, a wasan farko na Firimiya da Bournemouth, Anfield ta yi abin da zai sa tsikar jiki ta tashi: 'yan kallo suka ɗaga takardu masu launi suka fitar da DJ20 da AS30, a minti na 20 kowa ya miƙe ana waƙarsa. Ko minti goma ba a ƙara ba aka tsayar da wasa, saboda Antoine Semenyo na Bournemouth, ɗan Ghana, ya kai ƙara ga alƙali cewa wani ɗan kallo ya yi masa zagin launin fata. A fili ɗaya, a dare ɗaya. Ina kallo a talabijin tare da wasu 'yan Afirka, babu wanda ya ce uffan a cikinmu, don duk mun san irin wannan. An fitar da mutumin, 'yan sanda sun kama shi, Semenyo kuma ya rama da ƙwallo biyu. Liverpool ta ci 4-2. Da aka tashi Salah ya tsaya shi kaɗai a gaban Kop, ɓangaren da riƙaƙƙun magoya bayan Liverpool ke zama, yana tafi ana waƙar Jota, har hawaye suka zubo masa. Washegari jaridu suka raba shafi biyu, rabi Salah, rabi Semenyo, ranar Litinin kuma aka koma cinikin Alexander Isak, ɗan wasan da Liverpool ke neman saya.

Kulob ɗin ya jingine lamba 20 har abada, a ƙungiyar maza da ta mata da ta matasa, bayan sun yi shawara da matarsa da iyayensa. Ba su taɓa yi wa wani ɗan wasa haka ba. Furannin an kwashe za a mai da su taki a zuba a lambunan kulob, sauran kayan kuma an ce da su za a haɗa abin tunawa na dindindin a Anfield. Allah ya ba iyalinsu haƙuri, ya raya yaran.

Maganar rigar da babban ɗanka ya roƙa, ana iya buga sunan Jota da lambarsa a bayan sabuwar riga, ribar kuma gidauniyar kulob ake ba wa. Zan saya masa in an yi albashi, sai ka turo mini girman da yake sawa yanzu, don na ga a hoto ya yi tsawo. Ban san yadda za ka ji da jar rigar Liverpool a cikin gidanka ba, wannan tsakaninku ne. A gaishe da Anti da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Inna ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka