A sa wa ɗalibai takardun asali a gabansu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wata magana da ke yawo a Facebook ta shigo har ajujuwanmu a Birnin Kudu da Gwaram, wai Amurka ta kwafi tsarin mulkinta ne kacokan daga Haudenosaunee, ƙawancen mutanen asalin ƙasar. Roƙonmu ga 'yan'uwa malamai, kada a tauna wa ɗalibi amsa, a bar shi ya karanta da idonsa.

Al'ummai biyar ne suka ƙulla ƙawancen, Tuscarora ta shigo wajen 1722. Majalisarsu kujeru 50 ce: Onondaga 14, Cayuga 10, Mohawk 9, Oneida 9, Seneca 8. Yawan kujera ba ya ba da rinjaye, domin ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, sai baki ya zo ɗaya. Mohawk da Seneca ke fara tattauna batu, su miƙa shi ƙetaren wutar majalisa ga Oneida da Cayuga, sannan Onondaga masu tsaron wutar su tabbatar. Iyayen dangi mata ke zaɓen shugaba. In ya kauce su gargaɗe shi, in ya yi kunnen ƙashi su cire masa ƙahonnin barewa, alamar sarautarsa. Yaron da ya san aikin Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta wajen zaɓen Sarkin Kano zai gane nan take.

Sai a ajiye tsarin Amurka na 1787 kusa da shi: sanata biyu kowace jiha, rinjayen ƙuri'a, tsigewa a hannun majalisa, kamar sashe na 143 a namu na 1999. Babu gadon dangi, babu gurbin iyaye mata.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kwanan wata. Babbar Dokar Zaman Lafiya, wato tsarin mulkin Haudenosaunee, da ka ake riƙe ta, ana tuna ta da ɗamarar wampum, wato duwatsun ado da ake yi da ƙwanson teku. Seth Newhouse ya rubuta ta a 1885, Arthur Parker ya buga a 1916. Don haka kamannin lafazi da tsarin 1787 ba hujjar kwafi ba ne. Shaidar wancan zamani ita ce jawabin Canasatego, wani shugaban Onondaga, a garin Lancaster na Pennsylvania a 1744, inda ya shawarci Turawan mulkin mallaka su haɗa kai, kuma Benjamin Franklin, wanda daga baya ya shiga cikin masu tsara tsarin 1787, ya buga shi. Wannan ya tabbatar an ba da shawara, an kuma ji ta. Ƙudurin majalisar Amurka na 1988 da ya yaba gudummawarsu kuwa, matsayar 'yan siyasa ce shekaru 201 bayan tsarin 1787.

A kan kowace takarda, ɗalibi ya fara rubuta wanda ya faɗa, wanda ya rubuta, da shekarar rubutawa.

Wasu malaman tarihi,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.