Zuwa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Kan Binford Da Yawan Ambato

Assalamu alaikum.

Ƙanena, ka yi mini tambaya a bainar jama'a, don haka amsar ma gara ta fito fili. Ka ce tunda masana sun ambaci ayyukan Lewis Binford, Ba'amurken masanin binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, sau dubbai a rubuce-rubucensu, me zai hana ka ɗauki ra'ayinsa cewa mutanen farko masu sassaƙa duwatsu a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya ba mafarauta ba ne, kalen abin da zaki da kura suka bari kawai suke yi, ka gina kundin digirinka a kansa?

Ka karanta Binford, ka sake karanta shi, amma kada ka sa yawan ambatonsa a gurbin hujja. Na'urar da ke ƙirga ambato ba ta bambanta wanda ya yarda da wanda ya ƙaryata. A kotu ma sunan wanda ake ƙara ya fi na kowa fita a bakin mutane.

Mu ba mutumin haƙƙinsa tukuna. Daga 1969 ya riƙa zama da mutanen Nunamiut a Alaska yana kallon yadda suke fiɗar karibu, barewar nan ta ƙasashen ƙanƙara: wace gaɓa suke ɗauka zuwa gida, wacce suke bari a wurin kisa, me karnuka ke yi wa ragowar. Shi ya tilasta wa masana su daina ganin ƙashi kusa da dutse su ce an yi farauta. Wannan gyara ne babba, kuma har gobe muna cin moriyarsa. Sai dai ma'aunin da ya fitar na amfanin kowace gaɓa, wanda aka yi ta kwafa shekara da shekaru, daga tumaki 2 da karibu 1 ya fitar da shi. Sannan hukuncin da ya yanke kan Olduvai a littafinsa na 1981, daga jerin ƙasusuwan da Mary Leakey, wadda ta yi tono a wurin, ta wallafa ya yanke shi, ba daga duba ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya ba.

Waɗanda suka ɗauki ƙashin a hannu wani abu dabam suka gani. Wurin tono da ake kira FLK Zinj a Olduvai ya kai shekara miliyan 1.8, kuma a 1986 Henry Bunn da Ellen Kroll sun nuna sawun wuƙar dutse a ƙashin cinya da na kafaɗa, wato inda tsoka ta fi yawa. Zaki yakan cinye naman waɗannan gaɓoɓi da wuri, don haka wanda ya zo a ƙarshe ba shi da abin yanka a wurin. Bunn da Kroll sun ambaci Binford, kuma an ƙirga masa wannan ambato daidai da na mai yabonsa.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau, domin a nan ake yawan faɗuwa. Binford da wasu sun lura cewa a tsofaffin wurare da yawa kawunan dabbobi da ƙafafunsu ne suka fi yawa, gaɓoɓin nama kuma kamar babu su, sai suka ce ai wannan rabon mai kale ne. Amma kura tana tauna ƙarshen dogayen ƙasusuwa saboda laushinsu da maiƙon da ke ciki, tana cinye haƙarƙari da ƙashin baya, ta bar tsakiyar ƙashin mai tauri. Ita tsakiyar kuma an riga an farfasa ta don cire ɓargo. Masu tono na da ba sa damuwa da waɗannan gutsattsari saboda gane su da wuya, wasu ma zubar da su suke yi. Curtis Marean da Soo Yeun Kim sun zauna da irin waɗannan gutsattsari na kogon Kobeh a Iran suna haɗa su da juna, kuma a 1998 suka nuna cewa da an sa su cikin lissafi, cinya da kafaɗa na dawowa, batun kawuna da ƙafafu kuma ya rushe. Ashe giɓin daga haƙoran namun daji da kwandon mai tono ya fito.

Don haka in ƙasusuwa suka zo hannunka, kada ka yar da ko ɗan guntu. Ka nemi gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10 zuwa 16, da fitila mai ƙarfi da za ka haska daga gefe, domin hasken da ya faɗo daga sama yana ɓoye kwarzane. Sawun dutse siriri ne, gindinsa a tsuke, da 'yan layuka ƙanana a cikinsa. Na haƙori ya fi faɗi, gindinsa a kwance, fuskar ƙashin a murƙushe. Tattakawar dabbobi a kan yashi tana barin kwarzane marasa zurfi da suka nufi ko'ina, haƙorin kada kuma yana iya barin tsaga mai kama da ta wuƙa. Saboda irin wannan ruɗani ne har yanzu ake jayayya kan ko sawun dutse ne a jikin ƙasusuwan Dikika na Habasha, masu shekara miliyan 3.39, da aka sanar a 2010. Ka rubuta gaɓar, ka rubuta ko sawun a ƙarshen ƙashin yake ko a tsakiya. Gwaje-gwajen Robert Blumenschine sun nuna in namun daji ne suka fara ci, sama da kashi 75 cikin 100 na gutsattsarin tsakiya na ɗauke da sawun haƙori, in kuma mutum ne ya fara fasawa adadin yakan tsaya wajen kashi 5 zuwa 15. Ko wannan ma'aunin sai da hattara: a 2006 Manuel Domínguez-Rodrigo da Rebeca Barba sun ce yawancin abin da aka ƙirga a matsayin haƙori a FLK Zinj cin ƙananan halittun cikin ƙasa ne. Kafin ka amince da idonka, ka sa wani ya ba ka ƙasusuwan gwaji da shi kaɗai ya san abin da ya taɓa su, ka ga nawa za ka canka.

Lissafin ambaton shi ma yana da nasa ramuka. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 yana nufin in mutum na da 20, to yana da ayyuka 20 da aka ambaci kowanne aƙalla sau 20. Yana fifita wanda ya daɗe a fage. A cikin rumbunan intanet masu ƙirga ambato, Google Scholar na ƙirga littattafai da kundayen digiri, Scopus da Web of Science sun fi karkata ga mujallu, don haka mutum ɗaya zai fito da adadi daban-daban. Rahoton tono mai shafi 500, wanda kowa ke ɗibar alƙaluma daga cikinsa, sau da yawa ba ya samun ambaton da gajeriyar muƙala mai tada ƙura ke samu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda farauta ta danne tsinto. Ƙashi na daɗewa a ƙasa, saiwa da 'ya'yan itace na ruɓewa, sai rubutu ya taru a kan nama. Alhali a kogon Border na Afirka ta Kudu Lyn Wadley da abokan aikinta sun sami gasassun saiwoyi masu shekara 170,000 a cikin toka.

Ga aikin da zan ba ka. Buɗe jerin waɗanda suka ambaci littafin Binford na 1981, ka zaɓi 30 da suka shafi Olduvai, rabi daga kafin 2000 rabi daga baya. A kowanne ka nemo jimlar da sunansa ya fito, ka rarraba su: wanda ya yi amfani da hanyarsa, wanda ya goyi bayan hukuncinsa da sababbin ƙasusuwa, wanda ya musanta, da wanda ya ambace shi don cika al'ada kawai. Ka kuma lura da wanda ya taɓa ƙashin da hannunsa. In ka gama ka kawo mini teburin, mu zauna mu ga wane rukuni ya rinjaya kafin ka rubuta babi na biyu.

Wassalam,
Malaminka.