Kun tsallake shekarun Fintiri na majalisa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Lahadi daga farko har ƙarshe, ina shago ina ƙarasa wuyan wata riga, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kusan awa guda kuna kan tarihin siyasar Ahmadu Umaru Fintiri, amma zamansa a majalisar dokokin jihar Adamawa ko minti biyu bai samu ba. Mai gabatarwa ya ambata shi a gurguje, sai ya yi tsalle ya dira a 2019, shekarar da aka zaɓi Fintiri gwamna. Da aka zo kan riƙon gwamnan da ya yi, baƙonku ya ce sa'a ce kawai ta faɗo masa, domin a cewarsa 'yan majalisar jiha 'yan amshin shata ne, ba su da wani kataɓus. Babu wanda ya ja da shi. Ni kuwa sai da na ɗauke ƙafata daga kan keke.

Wace irin sa'a ce take zuwa sau biyu a kujera ɗaya? Mutumin nan ɗan Gulak ne, mutanen Madagali suka tura shi majalisa a 2007, suka sake tura shi a 2011, abokan aikinsa suka ba shi kakaki. A ranar 27 ga Janairun 2012 kotun ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya ƙare, har da Murtala Nyako na Adamawa, sai jihar ta koma hannun kakaki har aka yi zaɓe a Fabrairu. A 15 ga Yulin 2014 majalisar da yake jagoranta ta tsige Nyako, ya sake riƙe jihar kusan wata uku. Kafin shi ma, a 2008, James Barka daga kujerar kakaki ya riƙe jihar nan lokacin da aka soke zaɓen gwamna. Sau uku ke nan cikin shekara bakwai, a jiha ɗaya. Tsarin mulki ne ya ce idan babu gwamna babu mataimaki, kakaki ne zai riƙe. Wannan shi ne abin da ya kamata ku warware wa mai sauraro, shi kuwa kuka bari ya wuce.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, ni ma na taɓa ɗaukar ƙuri'ar majalisar jiha a bakin komai. A Afrilun 2011 ba a yi zaɓen gwamna a Adamawa ba saboda shari'ar wa'adi, na 'yan majalisa kawai aka yi. Ƙuri'ata tana ƙauyenmu a bakin Binuwai. Na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, na dubi tarin ɗinkin da ke gabana, na ce wa yaran shago tunda ba gwamna ake zaɓa ba babu inda zan je. A layinmu duka, masu shago biyu ne kaɗai na ga tawada a yatsansu washegari. To, waɗancan mutane 25 da aka zaɓa ranar da muka zauna a gida, su ne suka cire gwamna bayan shekara uku. Goma sha bakwai daga cikinsu sun isa, kashi biyu cikin uku ke nan. Ranar da labari ya iso kasuwa, wani dattijo mai sayar da yadi ya tambaye ni ko da ma suna da wannan ikon. Ni kaina a ranar na sani.

Ba ina cewa an yi daidai a tsigewar ba, kada a ce na zo kare wani. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a bi ƙa'ida ba, ko da yake kotun ƙoli ba ta mayar da Nyako kan kujera ba. Shi kansa Fintiri takarda ɗaya ce ta sauke shi a 8 ga Oktoban 2014. Mataimakin gwamna Bala James Ngilari ya aika takardar murabus ɗinsa ga kakaki, alhali gwamna doka ta ce a miƙa wa, sai babbar kotun tarayya a Abuja ta ce murabus ɗin bai yiwu ba, aka rantsar da Ngilari, aka fasa zaɓen cike gurbin da ya rage kwana uku, wanda Fintiri ya riga ya ci fidda gwaninsa a PDP. Duk wannan a wane zaure ya samo asali? A majalisar da baƙonku ya raina. Kuma a daidai waɗannan watannin Boko Haram suka shiga Madagali da Gulak da Michika, ƙarshen Oktoba suka kama Mubi. Iyalai biyu muka sauke a gidanmu, har zaure aka shimfiɗa tabarmi. Mai son ya yabi Fintiri ko ya soke shi, a wannan shekarar zai tsaya ya yi magana. Ku kuwa kun fi ba da lokaci ga rigimar Afrilun 2023, yadda kwamishinan zaɓe ya sanar da cewa Aishatu Binani ce ta ci zaɓen gwamna ba a gama tattara sakamako ba, abin da ko yaron shagona zai iya ba ku labarinsa.

Illar irin wannan magana a ƙauye ake ganinta. A damanar 2012, da aka sako ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya cinye mana gonakin masara da shinkafa, ya ɗauke ƙaramar gadar da ake bi a kai mara lafiya asibiti. Mu shida muka tashi muka je gidan ɗan majalisar mazaɓarmu da takarda a hannu, malamin makarantarmu ne ya rubuta ta da kyau. Tun hantsi muke zaune a kan benci a ƙofar gida har aka kira la'asar. Waɗanda muka tarar, wannan da katin biki, wancan da takardar magani, wani kuma suna zai yi. Daga ƙarshe wani yaronsa ya fito ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun baya, ya miƙo mana naira dubu uku kuɗin mota. Abin da ya fi ci mini rai, biyu daga cikinmu godiya suka yi ta yi har ƙasa. Ba su san mutumin nan yana cikin masu amincewa da kasafin kuɗin jiha ba, ba su san yana iya tashi a zauren majalisa ya sa a kira kwamishinan ayyuka ya yi bayani ba. Sun ɗauka aikinsa raba dubu-dubu ne. Wa zai gaya musu in ba rediyo ba? Sai ga shi rediyon da kansa yana ce musu kujerar ba ta da amfani. Gadar nan sai da muka yi karo-karo muka jera itace da buhunan yashi.

Af, sannan tallan masu maganin gargajiya da kuke yanka shiri da shi sau uku. Don Allah ku duba kalaman da suke furtawa. Ina da almajiran ɗinki 'yan shekara goma sha uku a shago, dole nake miƙa hannu na rage murya har su gama, wani lokacin kuma kafin na ƙaro an wuce tambayar da nake jira.

Ina roƙon ku sake ɗaukar shirin nan, ku fara shi daga 2007. Ku nemo wani tsohon ɗan majalisa ko tsohon akawun majalisa wanda ya zauna a zauren a 2014, ku tambaye shi yadda aka tara hannu, yadda aka kafa kwamitin mutum bakwai, da abin da ya sa kotu ta ce an yi kuskure. Ku buɗe waya ku bar mutanen Madagali su faɗi yadda wakilcin Fintiri ya kasance da bakinsu. Kuma ku sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da muka rufe shago.

Wassalam.
Mai sauraronku, wani tela daga Jimeta.