Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Magajin Garin Budapest kan Gadar Széchenyi

Ranka ya daɗe,

Ni baƙo ne da karatu ya kawo birninka, kuma kusan kullum a bas nake haye Gadar Széchenyi, wadda ake kira Gadar Sarƙa. Na rubuto ne in roƙe ka ka tsaya kan shawarar da aka yanke bayan gyaran da aka kammala a 2023, wato hana motocin ƙashin kai hawa gadar. Kada a buɗe wa manya ƙofar baya.

Dalilina shi ne mutumin da gadar ke ɗauke da sunansa. István Széchenyi ɗan sarauta ne gaba da baya, an haife shi a Viyana a 1791, mahaifinsa ne ya kafa ɗakin karatu na ƙasar Hangari. A 1825 ya miƙe a majalisa, inda Latin ne harshen zama, ya yi magana da harshen Hangari, ya kuma sadaukar da kuɗin shigar gonakinsa na shekara guda domin a kafa Cibiyar Kimiyya ta ƙasar.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin haye gada. A lokacin, masu sarauta ba sa biyan haraji, talaka ne ke ɗaukar nauyi duka. Széchenyi, wanda ƙanƙarar Kogin Danub ta tsare kwanaki a 1820 yana neman zuwa jana'izar mahaifinsa, ya dage a gina gada a kan kogin, ya kuma dage cewa duk wanda zai taka gadar sai ya biya, basarake ne ko manomi. Dokar 1836 ta tabbatar da hakan. 'Yan'uwansa masu sarauta sun ji zafi ƙwarai, domin sun gane inda aka dosa: yau kuɗin gada, gobe haraji.

Bai ci moriyar aikinsa ba. Ya zama ministan sufuri a 1848, juyin juya halin da 'yan Hangari suka yi wa mulkin Ostiriya ya rikice, hankalinsa ya gushe, aka kai shi asibiti a Döbling, kusa da Viyana. Aka buɗe gadar a 1849 ba ya nan, ya rasu a can a 1860. Har abokin hamayyarsa Kossuth, jagoran juyin juya halin, ya kira shi mafi girman 'yan Hangari.

Masu ja-gorar 'yan yawon buɗe ido sun fi son labarin zakunan dutsen bakin gadar. A ƙara musu da allo mai bayanin dokar 1836, a bar gadar ga bas, keke da mai tafiya a ƙasa.

Naka,
Wani ɗalibi Bahaushe a Budapest