Kafin ka kama gangara da tirela

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce min ka fara jan tirela da a-kori-kurarka. Allah ya sa albarka. Hawa ba ya damuna, don in mota ta gaji tsayawa za ta yi. Gangara ce ta sa na ɗauki biro.

Tun kana bisa tudu, kafin hancin mota ya sunkuya, ka rage gudu ka koma ƙaramar giya. Giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, ko ma ta ƙasa da ita. Inji zai yi ƙugi, ƙyale shi, aikinsa yake yi; kai dai ka lura kada allurar juyin inji ta shiga ja. Firi kuwa, wato cire mota daga giya, ko da wasa. Ɗan man da za ka tsimi bai taka kara ya karya ba. In injinka na dizal ne, ba ya riƙe mota kamar na fetur, sai ka kunna birkin salansa in akwai.

Birki gudu yake mayarwa zafi, kuma in gudu ya ninka, zafin da zai sha sai ya ninka sau huɗu. Ni da kaina na ɗanɗana. Ina saurayi na taɓa saukowa wata doguwar gangara da lodi, na ɗora ƙafa a kan birki ina dannawa kaɗan-kaɗan, wai ni mai taka-tsantsan. Can sai na ji ƙauri, na taka, ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Man birkin ne ya tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma wanda ya daɗe ya sha danshi ba ya kai haka, nawa kuwa ban ma san yaushe aka canza shi ba. Allah ne ya yi da sauran kwana, hanyar ta miƙe.

Don haka ka taka sosai sau ɗaya, ka sauke gudun da kamar kilomita 8 a awa ƙasa da wanda ka zaɓa, ka ɗage ƙafa birki ya sha iska. In ka ga kana ta takawa ba hutu, giyarka ta yi sama.

Idan tirela ta fara wutsil-wutsil a madubi, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Saki totur, riƙe sitiyari daram, ka ja birkin tirelar da hannu in tana da shi. Galibi lodi ne ya yi baya. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota.

Masu yi maka ham daga baya, bar su su wuce. In ka zo, ka taho da motar in duba man birkin nan da idona.

Naka,
Babanka