Kalmomin da matasan Japan ke bayyana damuwarsu da su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani ɓangare na rayuwar Japanawa da ba a cika taɓo shi ba. Duk lokacin da aka ambaci Japan, ƙwazon aiki ake yabawa, idan kuma aka zo kan illarsa sai a tsaya ga "karoshi", wato mutuwa sakamakon aikin da ya wuce kima. A ganina alamomin suna bayyana tun kafin a kai nan, kuma a bakin matasa ake jin su.

Ma'aikacin da ayyuka suka yi masa katutu yakan ce "ippai ippai", ma'ana ya cika ya batse, babu sauran inda za a ƙara masa komai. Wanda ya rikice ya rasa ta inda zai fara, kamar sabon ma'aikacin da waya ke ƙara a gabansa alhali shugabansa na tsaye yana jiran rahoto, shi ake cewa ya yi "tenparu". Asalin kalmar daga mahjong ne, wani wasa da ake yi da ƙwayoyi masu zane, inda take nufin ɗan wasan da saura ƙwaya ɗaya tak ya ci. Ɗalibin da jarrabawa ta riske shi bai shirya ba kuwa yakan rubuta wa abokansa "tsunda", daga shogi, darar Japanawa, lokacin da aka tsare sarki babu mafita. Akwai kuma "shindoi", wadda ta fito daga yankin Kansai na yammacin Japan, mai haɗa gajiyar jiki da ta zuciya.

Abin da ya sa nake ganin muhimmancinsu shi ne, al'ummar Japan na ɗaukaka "gaman", wato haƙuri da danne damuwa, har yana yi wa ƙaramin ma'aikaci nauyi ya dubi na gaba da shi ya ce ya gaza. Waɗannan kalmomi suna ba shi damar faɗar gaskiya cikin sigar raha ba tare da ya ji kunya ba, sai dai wannan sigar ce kuma ke sa mai sauraro ya yi dariya ya wuce, alhali mai maganar da gaske yake.

Gwamnatin Japan ta ɗauki matakai. A 2014 ta kafa dokar hana karoshi, a 2015 ta wajabta wa wuraren aiki masu ma'aikata 50 zuwa sama su riƙa auna damuwar ma'aikatansu duk shekara, sannan daga 2019 aka taƙaita ƙarin lokacin aiki zuwa awa 45 a wata, ko da yake an bar ƙofar wuce hakan a yanayi na musamman. Amma awon shekara-shekara ba zai kama abin da matashi ke faɗa wa abokinsa kullum bayan tashi daga ofis ba.

Ina fata idan jaridar nan za ta sake rubutu kan ma'aikatan Japan, za ta saurari irin wannan magana tasu.

Wassalam,
Wani mai karatu